Cassini: Masanin falakin da aka sa wa kumbon Zuhal sunansa

An haifi Giovanni Domenico Cassini ranar 8 ga watan Yunin 1625 a ƙauyen Perinaldo da ke arewa maso yammacin Italiya ta yau, ya kuma yi karatu a birnin Genoa.

Da farko duba da taurari ne ya ja hankalinsa, amma daga bisani ya yi watsi da shi, ya rungumi lissafi da awo. A shekarar 1650 aka naɗa shi farfesan ilmin falaki a jami'ar Bologna, yana da shekaru 25 kacal.

A 1669 ya koma Faransa bisa gayyatar gwamnatin Sarki Louis na 14, inda ya jagoranci sabuwar cibiyar nazarin taurari ta birnin Paris. A can ne ya duƙufa kan duniyar da Turawa ke kira Saturn, wadda malaman hisabi a ƙasar Hausa suka sani da sunan Zuhal.

Ita dai Zuhal, a dare mai duhu a karkara irin ta Kunci a jihar Kano, ana iya ganinta da ido, sai dai zobban da suka kewaye ta ba sa ganuwa sai da madubin hangen nesa. Da irin wannan madubi Cassini ya gano watanni huɗu da ke zagaya ta tsakanin 1671 da 1684, kuma a 1675 ya hango giɓin da ya raba zobban, wanda har yau ake kira da sunansa.

Wata na farko da ya gano, Iapetus, shi ne ya fi nuna kaifin basirarsa. Ya lura cewa yana ganin watan idan yana yammacin Zuhal, amma sai ya ɓace masa idan ya koma gabas. Daga wannan ɗan ɗigon haske kaɗai ya yanke cewa gefe guda na watan baƙi ne, ɗayan kuma mai haske, kuma kullum fuska ɗaya yake juya wa Zuhal.

Sai dai mutum ne mai taurin kai. Bai amince da hujjar abokin aikinsa Ole Roemer ba cewa haske na ɗaukar lokaci kafin ya iso daga nesa, kuma a nan Roemer ne ke da gaskiya.

Cassini ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Paris ranar 14 ga watan Satumban 1712. Ɗansa da jikansa da tattaɓa-kunnensa duk sun gaje shi a cibiyar.

A watan Oktoban 1997 aka harba kumbon Cassini daga Amurka, ba kowa a cikinsa, ya kuma isa Zuhal a 2004. A watan Satumban 2007 ya gitta kusa da Iapetus, ya aiko da hotunan rabinsa baƙi ƙirin da rabinsa fari fat.

Kumbon ya kuma gano feshin ruwa da ƙanƙara na tashi daga wani wata mai suna Enceladus. Don kada wata rana ya faɗa can ya gurɓata wurin da ƙwayoyin cuta daga duniyarmu, hukumar NASA ta tura shi cikin iskar Zuhal da gangan ranar 15 ga watan Satumban 2017, inda ya ƙone.