Taiichi Ohno, Mutumin Da Ya Hana Jibge Kaya

An haifi Taiichi Ohno ran 29 ga Fabrairu, 1912, a birnin Dalian na ƙasar Sin, amma asalinsa mutumin Japan ne. Da ya ƙare makarantar sana'a ta Nagoya sai ya kama aiki a masaƙar gidan Toyoda cikin 1932. A 1943 ya koma ma'aikatar motocinsu, watau Toyota.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta talauce ƙwarai. Maƙeran motoci na Amurka su kan buga abu iri guda dubu dubu su jibge, ita kuwa Toyota ba ta da kuɗin da za ta binne cikin kaya, balle masu sayen da za su kwashe. Ohno ya duba, ya ga babbar ɓarna ita ce ƙera abin da ba a nema ba tukuna, domin in da aibi cikin tulin, ba a ganewa sai aikin gama ya gama.

Saboda haka ya shirya a riƙa yi kaɗan kaɗan. Kowane sashe ya ɗebo abin da ya ke bukata wurin na bayansa da wata 'yar takarda, kanban, wancan kuwa ya cike gurbin abin da aka ɗiba kaɗai. Tamkar mai ƙosai ce, ba ta soye ƙullunta gaba ɗaya, sai gwargwadon masu miƙo kuɗi. Sauya wa inji baki, da can aikin sa'o'i, ya koma na 'yan mintoci, ƙaramin ma'aikaci kuma ya sami ikon tsai da aiki in ya ga kuskure. Da fari ma'aikata suka turje, don tulin kaya ne kwanciyar ransu. Shekara da shekaru ya yi yana fama da su kafin su sallama.

Ya zama mataimakin shugaban kamfanin a 1975, ya fitar da littafinsa a 1978, ya rasu ran 28 ga Mayu, 1990.

Cikin 2003 Mary da Tom Poppendieck suka wallafa littafin da ya kai dabararsa ga masu rubuta manhajar kwamfuta. Maimakon a shekara ana rubutu, sa'an nan mai aikin ya ce ba haka ya so ba, sai a yi guntu, a gwada, a miƙa masa, a gyara tun ɓarakar tana ƙarama. Samarinmu masu koyon kwamfuta a Kazaure, ga abin koyi.