Tarihin A. G. Leventis, Bagirken Da Ba A Haifa A Girka Ba

Duk wanda ya san Kano ya san sunan Leventis, ko a bakin kanti, ko a garejin motoci, ko a kwalbar lemo. Jama'a kan ce mai kamfanin Bagirke ne, kuma ba su yi ƙarya ba, gama harshensa da addininsa na Girkawa ne. Amma in aka bi takardu, watau abin da mallaman ofis suka fi kula da shi, sai a tarar maganar ta fi haka tsawo.

An haifi Anastasios George Leventis a watan Disamba na 1902 a Lemythou, wani ƙauye na kan duwatsu a tsibirin Kubrus, wanda Turawa ke kira Saifurus. Ubansa limamin coci ne. A lokacin nan tsibirin yana cikin wani hali mai ban mamaki: tun 1878 Ingilishi ke riƙe da shi, amma a shari'a ƙasar Sarkin Musulmin Santambul ce. Saboda haka yaron nan mai magana da Girkanci, talakan Turkawa ne aka rubuta shi. Ran 5 ga Nuwamba 1914, da Turkiyya ta shiga Babban Yaƙi a gefen Jamus, Ingila ta ce tsibirin ya zama nata ɗungum, mazaunansa kuwa suka koma talakawan Sarkin Ingila. Yaron bai gusa daga gida ba, ga shi an sake masa ƙasa.

Wannan canji shi ya buɗe masa hanya, don mai takardar Ingila ba ya shan wahalar shiga ƙasashen da ke hannunta. Bayan yaƙin ya tafi Faransa, ya yi aiki, ya koyi ilmin ciniki. A 1920 ya sauka Nijeriya yana yaron wani kamfani, bai cika shekara 18 ba. Ya riƙe kanti a Abeokuta, sa'an nan aka kai shi Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, inda ya zama babba a kamfanin G. B. Ollivant. Da kamfanin U.A.C. ya haɗiye Ollivant, sai ya ga gara ya tsaya da ƙafarsa. Ana gab da Yaƙin Hitila ya kafa nasa, A. G. Leventis, ya fara da yadi da sayen amfanin gona. Cikin yaƙin aka buɗe reshen Nijeriya, ƙanensa C. P. Leventis ya riƙe shi, har ya zo ya fi na Gwalkwas girma. A 1951 suka kafa Nigerian Bottling Company mai ɗura Coca-Cola.

A 1960 aka sake masa takarda karo na biyu, don Kubrus ta sami mulkin kai ran 16 ga Agusta, mako shida da 'yan kwanaki kafin Nijeriya. Mu ma mun san irin wannan. Kafin 1960 mutanen Arewa ba talakawan Ingila ba ne a shari'a, waɗanda ke ƙarƙashin kariyarta ne kurum. Dattijon Unguwar Ya kuwa da aka haifa a Lardin Kano, ya zama ɗan Jihar Kano a 1967, ya zama ɗan Jigawa a 1991, alhali gonarsa tana nan inda ubansa ya bar ta.

Shugaba Makariyos ya naɗa Leventis jakadan Kubrus a hukumar UNESCO a Faris. Nan baƙin ciki ya iske shi, gama a 1974 sojojin Turkiyya suka kama arewacin tsibirin, Girkawa fiye da 150,000 suka bar gidajensu, ƙauyen Petra na danginsa ya faɗa wancan gefe. Sauran kwanakinsa ya kashe su wajen taimakon 'yan gudun hijira da neman kayan tarihin da aka kwashe daga coci-coci. Ya rasu a 1978. Gidauniyar da aka kafa da dukiyarsa ita ta buɗe makarantun koyon noma a Nijeriya, har da ta Panda a ƙasar Albasu, ba nisa da Birnin Kudu.

Jikokin irin waɗannan fatake yanzu sun warwatsu daga Ikko zuwa Amurka, da yawa kuma suna neman fasfon kakanninsu, tun da Girka ta shiga Tarayyar Turai a 1981, Kubrus kuma a 2004. Dokar Girka ta 2004 jini take bi, ba wurin haihuwa ba. Amma faɗa da baki bai isa ba. Sai a sami sunan uba ko kaka a littafin ƙidayar garinsu, a jera takardun aure da na haihuwa daki-daki har zuwa kan mai nema, a fassara su, a miƙa ta hannun ƙaramin jakada. In sunan kaka ya sha bamban tsakanin takarda da takarda, don wani akawu ya rubuta yadda kunnensa ya ji, magana takan tsaya shekaru. Wanda kakansa ɗan Kubrus ne kamar Leventis kuwa, ba Atina zai nufa ba, sai Nikosiya, gama littafin kowace ƙasa daban yake.