Rashidi Yekini: Mutumin da ya yi kuka a cikin raga

A ƙasar Hausa ba a son namiji ya zubar da hawaye a bainar jama'a. Tun yaro yana ƙarami ake horonsa da dauriya, in ya faɗi a ce ya tashi ya karkaɗe jikinsa, in an yi masa rashi a ce ya yi haƙuri irin na maza. 'Yan'uwanmu Fulani ma, waɗanda muke zaune tare da su a nan Jigawa, sun kai abin matuƙa a wasan sharo, inda saurayi zai tsaya a tsula masa bulala amma ko gezau. Duk da haka, hoton da 'yan Nijeriya suka fi tunawa a tarihin ƙwallon ƙafarsu na wani ƙaƙƙarfan namiji ne ɗan shekara 30, wanda ya cusa hannuwansa cikin raga yana jijjiga ta yana kuka. Wannan mutum shi ne marigayi Rashidi Yekini. Ina ganin ya dace mu waiwayi rayuwarsa, domin a cikinta akwai amsar wata tambaya da ta shafi dubban matasanmu masu cika gidajen kallo a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, wato shin hawayen mai goyon baya don wa ake zubar da su?

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa mutanen garin Ira ne da ke cikin Jihar Kwara ta yanzu. Ya tashi a lokacin da Kaduna ke tashen masaƙu, lokacin da manyan kamfanoni kan kafa ƙungiyar ƙwallo su ɗauki nauyinta, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara fitowa fili a farkon shekarun 1980. Ke nan a Arewa ya buɗe ido, a filayen Arewa ya koyi sana'arsa, kafin ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi a 1982. Da ita ya ɗanɗana ɗacin wasan ƙarshe, sa'ad da Zamalek ta Masar ta doke su a gasar zakarun Afirka ta 1984. Daga nan ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar attajirin nan marigayi M.K.O. Abiola, sannan a 1987 ya ƙetara zuwa Africa Sports ta birnin Abidjan.

Yekini bai isa Turai da wuri ba. Sai a 1990, yana da shekara kusan 27, ya shiga Vitoria Setubal ta ƙasar Fotugal, ƙungiyar da ba ta cikin manya uku na ƙasar. A can ya taimaka mata ta dawo rukunin farko, kuma a kakar wasa ta 1993 zuwa 1994 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar baki ɗaya da ƙwallo 21. Salon wasansa ba na ado ba ne. Mutum ne dogo mai ƙarfin ƙirji, mai gudu, mai bugu kamar da gayya, wanda in ya sami tazarar taku biyu daga mai tsaron baya to sai dai mai tsaron gida ya yi ta kansa. A 1993 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da hukumar ta bai wa wannan lamba.

Sai dai mai karatu ba zai fahimci kukan da ya yi a 1994 ba sai ya san tsawon jiran da ya gabace shi. Sau uku Nijeriya ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a zamaninsa tana dawowa hannu rabbana: Kamaru ta doke ta a 1984 da kuma 1988, Aljeriya ta doke ta a 1990. A 1992 a Senegal, Yekini ya fi kowa cin ƙwallo da guda 4, amma matsayi na uku aka samu. A tsakanin nan kuma, ranar 12 ga Agusta, 1989, abokin wasansa Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsakiyar karawa da Angola, rai ya yi halinsa, kuma a ƙarshe ko gurbin gasar cin kofin duniya ta 1990 ba a samu ba. Haƙurin bai biya ba sai a watan Oktoban 1993, da tawagar koci Clemens Westerhof ta yi kunnen doki da Aljeriya ta sami gurbin zuwa gasar duniya karon farko. A watan Afrilun 1994 kuma aka ɗauki kofin Afirka a Tunisiya bayan doke Zambiya da ci 2 da 1, Yekini ya sake zama kan gaba da ƙwallo 5.

Ranar 21 ga Yuni, 1994, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas a Amurka, Nijeriya ta fuskanci Bulgeriya. A minti na 21 Finidi George ya kwaso ƙwallo daga dama ya shimfiɗo ta gaban raga, Yekini ya tura ta ciki. Ƙwallo ce mai sauƙi, ya ci ɗaruruwa da suka fi ta wuya. Amma ita ce ta farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, don haka bai juyo wajen abokan wasansa ba, sai ya bi ƙwallon har cikin raga, ya damƙi zaren da hannu biyu, ya ɗaga kai sama yana ihu, fuskarsa a murtuke kamar wanda ake zare wa ƙaya. Dare ya riga ya yi nisa a nan gida, amma mutane da dama a gaban talabijin da rediyo sun taya shi. An tashi wasan 3 da nema.

Ya kamata a tuna halin da ƙasar take ciki a lokacin. Shekara guda ke nan da soke zaɓen 12 ga Yuni, soja na mulki ƙarƙashin Janar Sani Abacha, zaman ɗar-ɗar tsakanin Kudu da Arewa ya yi tsanani. Kwana biyu bayan wannan ƙwallo, ranar 23 ga Yuni, aka kama Abiola, tsohon ubangidan Yekini. A irin wannan yanayi ne Bayarabe haifaffen Kaduna ya ci ƙwallon da ɗan Fatakwal ya miƙa masa, Bahaushe da Ibo suka yi tsalle tare. Jama'a na ɗauke da damuwar da ba su da wurin sauke ta, sai ƙwallo ta ba su wuri. Wannan shi ne amfanin kukan filin wasa, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Addininmu ma bai hana hawaye ba, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da fita hayyaci.

To amma daɗin bai daɗe ba. Ranar 5 ga Yuli, saura minti biyu Nijeriya ta fitar da Italiya, Roberto Baggio ya farke, sannan ya ƙara ta biyu da bugun fenareti a ƙarin lokaci. Yekini bai sake cin ƙwallo a gasar ba. Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. Zamansa a Olympiacos ta Girka bai yi armashi ba, haka ma a Sporting Gijon ta Sifen, ga rauni ga shekaru. Siyasa ma ta yi masa nata cikas, domin gwamnatin Abacha ta janye Nijeriya daga gasar Afirka ta 1996 saboda saɓaninta da Afirka ta Kudu, CAF kuma ta hana ta shiga ta 1998. Bayan ya ɗan farfaɗo a Zurich ta Suwizalan, an tafi da shi gasar duniya ta 1998 a Faransa, inda Danmak ta yi waje da Nijeriya da ci 4 da 1. Wannan ce gasarsa ta ƙarshe. Ya bar tawagar ƙasa da ƙwallo 37, adadin da aka shafe fiye da shekara 25 ba wanda ya kamo shi.

Bai iya rabuwa da ƙwallo ba. Ya buga a Tunisiya da Saudiyya, ya koma Abidjan, ya dawo gida ya shiga Julius Berger, har a 2005 yana ɗan shekara 41 ya sa rigar Gateway ta Abeokuta. Bayan haka ya zauna a Ibadan, ya janye jikinsa daga taruka da 'yan jarida, ba ya neman muƙami a hukumar ƙwallo, ba ya bin ƙofar gwamnoni. A shekarunsa na ƙarshe jaridu suka riƙa kawo rahoton cewa yana fama da larurar ƙwaƙwalwa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka binne shi a Ira. Miliyoyin da suka yi kuka tare da shi a 1994 sun sake yin kuka, amma a shekarun da ke tsakanin kukan biyu, 'yan ƙalilan ne suka tambayi inda yake kwana.

A nan ne nake so in jawo hankalin mai karatu ga wani abu na harshe. Duk wanda ya zauna a gidan kallo ya kasa kunne zai lura da yadda wakilin suna ke sauyawa da sakamakon wasa. In an yi nasara, sai ka ji mun ci, mun lallasa su, kofin namu ne. In aka sha kashi, sai magana ta koma sun zubar, ya ɓarar, ba su iya ba. Wato a lokacin daɗi ɗan kallo da ɗan wasa mutum guda ne, a lokacin wuya kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. Tun a 1976 masanin halayyar ɗan'adam Robert Cialdini da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗaliban jami'o'in Amurka sun fi amfani da lamirin mu bayan ƙungiyarsu ta yi nasara fiye da bayan ta faɗi. Abin da wannan ke nunawa shi ne, galibin hawayen mai goyon baya na kansa ne. Yana kuka don darajarsa da ta ɗaukaka ko ta zube, ɗan wasan kuwa madubi ne kawai da yake duba fuskarsa a ciki. Hausa ma ta yi mana tanadin gargaɗi, domin aikatau guda ne, wato ci, muke amfani da shi a cin ƙwallo da cin kofi, kuma shi ne dai a cin mutunci da cin amana.

Misalai ba su yi nisa ba. Ranar 29 ga Maris, 2022, da Ghana ta hana Nijeriya zuwa gasar duniya, 'yan kallo suka afka cikin filin wasa na Abuja suka farfasa kayayyaki. A watan Fabrairun 2024, bayan Kwaddibuwa ta doke Nijeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka, zagin da aka yi wa Alex Iwobi a intanet ya sa ya goge hotunansa daga Instagram, alhali kwana huɗu kafin nan ana yi wa tawagar kirari. A daren wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu kuwa, an ba da rahoton rasuwar 'yan Nijeriya da dama suna cikin kallo. Likitocin birnin Munich sun riga sun gano, a gasar duniya ta 2006, cewa masu ciwon zuciya da aka garzaya da su asibiti sun ninka fiye da sau biyu a ranakun da Jamus ke wasa. Ke nan abin da zai iya tsayar da zuciyar magidanci ba za a kira shi wasan yara ba. Hukuma ma halinta bai bambanta da na ɗan kallo ba, domin gidajen da aka yi wa tawagar 1994 alkawari, sai a 2021 aka amince da bai wa da yawa daga cikinsu, lokacin da kyaftin ɗinsu Stephen Keshi da wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka, maimakon mu riƙa yi wa matasanmu gorin kuka don ƙungiyoyin Ingila da Sifen, gara mu koya musu abin da ya kamata ya biyo bayan kukan. Muna da Jigawa Golden Stars, muna da ƙananan ƙungiyoyi a kowace ƙaramar hukuma, kuma kowace shekara akwai yaran da rauni ko shekaru ke raba su da fili ba tare da sana'a ko takardar makaranta ba. Ya kamata hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyoyin magoya baya su san sunayensu da inda suke, a haɗa kwantiragin ɗan wasa da inshorar lafiya da koyon sana'a. Larurar ƙwaƙwalwa kuma ciwo ce da ake kai wa asibiti kamar kowane ciwo. Tun Janairun 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, saura mu 'yan boko mu daina ɓoye masu larurar a ƙuryar ɗaki don gudun abin faɗa.

Yekini ya ba ƙasarsa abin da yake da shi, kuma a ranar da ya fi kowace girma a rayuwarsa bai ji kunyar nuna abin da ke zuciyarsa ba. Wanda ya ce mun ci a ranar, to ya ɗauki wa kansa haƙƙin zumunci, kuma zumunci a ƙafa yake. Allah ya jiƙan Rashidi Yekini, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya sa mu cika da imani.