Marigayi Alhaji Aliyu Makaman Bida, Ma'ajin Jihar Arewa

A duk lokacin da ake tarihin Jihar Arewa ta dā, sunan Sardauna da na Tafawa Ɓalewa ne ke fara zuwa baki. Amma mu a Jihar Neja muna da namu gwarzon, wanda a hannunsa makullin baitulmalin Arewa ya zauna har ranar da sojoji suka rushe gwamnatin farar hula. Wannan shi ne Marigayi Alhaji Aliyu Makaman Bida.

An haife shi a garin Doko cikin ƙasar Nufe wajen shekarar 1905. Ya yi karatu a Bida, ya wuce Kwalejin Katsina, sa'an nan ya komo ya koyar a Makarantar Midil ta Bida har ya zama shugabanta. Daga nan ya shiga aikin En'e, Etsu Nupe kuma ya naɗa shi Makama, sarautar da ta danne sunansa na yanka.

A shekarar 1947 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, yana kuma cikin 'yan ƙalilan da majalisar ta tura Ikko domin su wakilci Arewa a majalisar ƙasa. A wancan zamani Arewa ta fi kowane yanki yawan jama'a, amma ita ce koma-baya wajen makarantu da hanyoyi da asibitoci. Saboda haka babban aikin wakilanta shi ne neman haƙƙi a teburin shawara, da haƙuri da naci. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka kafe a kan sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuwa ba su. A 1952 Makama ya zama Ministan Ilmi na Arewa, daga bisani aka damƙa masa Ma'aikatar Kuɗi.

A nan ne ya kamata shugabannin ƙananan hukumominmu su tsaya su duba, domin rabon arzikin ƙasa da suke jira daga Abuja a kowane wata yana da tushe a wancan lokaci. Hukumar Raisman, wadda ta miƙa rahotonta a 1958, ita ce ta ƙirƙiro asusun haɗaka da ake rabawa tsakanin yankuna. Arewa ta sami kashi 40 cikin 100, Gabas 31, Yamma 24, Kudancin Kamaru 5. Da Hukumar Binns ta sake duba lissafin a 1964, sai kason Arewa ya hau zuwa 42. Kashi biyu ba su da yawa a takarda, amma ga Ministan Kuɗin da ke da larduna goma sha uku a wuyansa, makarantu ne da rijiyoyi.

Sai dai kason tarayya bai isa ya ɗauki nauyin Arewa ba. Ƙarfin baitulmalin yana ga gyaɗa da auduga. Hukumar Ciniki ta Arewa, wadda aka kafa a 1954, takan sayi amfanin gona a kan farashin da ta yanka, ta sayar a ƙasashen waje, rarar kuma ta shiga ayyukan raya ƙasa. Da irin wannan kuɗi Hukumar Raya Jihar Arewa, wadda ta zama kamfanin NNDC a 1968, ta zuba jari a masana'antu. A shekarun nan ne masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, aka kafa Bankin Arewa, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Gaskiya ita ce manomi ne ya biya, domin sau da yawa abin da aka ba shi bai kai farashin kasuwar duniya ba. A ganinmu, darajar Makama da abokan aikinsa ita ce manomin ya ga abin da aka yi da guminsa, ya kuma sa ɗansa a makarantar da aka gina da shi.

Sardauna ya yarda da shi ƙwarai. Shi ne Ma'ajin jam'iyyar NPC, kuma shi ne ke riƙe kujerar Firimiya idan Sardauna ya tafi aikin Hajji ko wata tafiya ƙasar waje. Ba ƙaramin abu ba ne a ce Banufe daga Lardin Neja ne ke zama a wannan kujera, a gwamnatin da ke cike da 'ya'yan sarautar Sakkwato da Kano da Katsina da Barno.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kawo ƙarshen aikinsa na minista. Ya ga an raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, ya kuma ga an ƙirƙiro Jihar Neja a 1976. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, yana cikin dattawan da suka haɗa jam'iyyar NPN. Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1980. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.