Daga Taskar Magabata: Ali ibn Ridwan, Ɗan Mai Burodi da Ya Ga Baƙon Tauraro

Kwanan nan yaranmu suna ta nuna mana bidiyon fashewar taurari a waya, har wasunsu sun ɗauka wannan ilimi na Turawa ne kaɗai. Mu da muka taso a Azare da Katagum, muna kwana a tsakar gida lokacin bazara, mun san Zara matar wata, mun san Kaza da 'Ya'yanta. To, ga labarin wani likita da ya ɗaga kai sama shekara dubu da suka wuce.

An haifi Ali ibn Ridwan a Giza ta ƙasar Masar wajen shekarar 988. Mahaifinsa mai gasa burodi ne, talaka. Ba shi da kuɗin biyan malami, sai ya duƙufa kan littattafai ya koyi likitanci da kansa. A lokacin, da duban taurari yake samun na abinci. Wannan kam ba abin koyi ba ne, domin gaibu na Allah ne shi kaɗai.

A ƙarshen Afrilun 1006, wato 396 Hijira, yana saurayi, sai wani sabon tauraro ya bayyana ta kudu. Daga baya ya rubuta inda ya gan shi, ya kimanta girmansa da ninki biyu da rabi zuwa uku na Zara, haskensa kuma ya ɗan haura rubu'in hasken wata. Mutanen Sin da Japan su ma sun rubuta labarinsa.

Yau masana sun gano cewa tauraro ne ya tarwatse a ƙarshen rayuwarsa, a nisan da haske ke shafe shekara kusan 7,000 kafin ya iso mana. A duk tarihin da aka rubuta, ba a ga tauraro mai haskensa ba. An gano ɓurɓushinsa a 1965, kuma har gobe ana komawa ga bayanin Ibn Ridwan.

Ya zama babban likita a fadar Masar, ya rubuta littafi kan kare jiki daga cututtukan ƙasarsa, inda ya yi bayani kan iska da ruwan Nilu da abinci. Ya tara dukiya, amma masu tarihi sun ce wata marainiya da ya riƙa ta gudu da ita, abin da ya taɓa hankalinsa. Ya rasu wajen 1061.

Dukiyar ta tafi, abin da ya rubuta yana nan. Mu 'yan kasuwa mun san darajar rubuta lissafi, sai mu koya wa 'ya'yanmu. In yaro ya gama kallon bidiyo, mu fita da shi bayan Isha'i, mu nuna masa sama, mu sa ya rubuta abin da ya gani.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu, Ya ba zuriyarmu ilimi mai amfani. Amin.