Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan Andalus

  A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani bawan Allah da ya yi wa al'umma hidima da ilmin likitanci, wato Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi.

An haife shi a ƙasar Andalus wajen shekarar 936 Miladiyya. Ana danganta shi da Madinatuz Zahra, birnin da Halifa Abdurrahman An-Nasir ya gina kusa da Ƙurɗuba. Ya yi wa Halifa Al-Hakam na biyu aikin likita, ya kuma rasu wajen shekarar 1013. Babban abin da ya bari shi ne littafinsa At-Tasrif, mai maƙala 30. Ta ƙarshensu a kan aikin tiyata take, kuma a cikinta ya zana siffofin kayan aiki kimanin 200. A ƙarni na 12 aka fassara ta zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, har ta daɗe tana cikin littattafan da likitocin Turai suke koyo da su.

Daga cikin abubuwan da ya rubuta akwai labarin wani ƙauye inda maza suke mutuwa saboda zubar jini. Ɗan rauni kaɗan, ko tsagar da ake yi don fitar da jini, sai jinin ya yi ta zuba ba tsayawa har rai ya yi halinsa. Az-Zahrawi bai san musabbabin wannan ciwo ba, amma bai jingina shi ga aljannu ko sihiri ba. Ya rubuta abin kamar yadda yake, ya ba da shawarar a ƙona bakin raunin da ƙarfe mai zafi, domin iyakar dabarar zamaninsa ke nan. Masana tarihin likitanci suna lissafa wannan bayani cikin na farko-farko a kan ciwon da ake kira himofiliya.

Yau an gane asirin abin. A cikin jini akwai wasu sinadarai da suke sa shi ya daskare a bakin rauni. Mai wannan ciwo yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, galibi wanda likitoci suka ba lamba 8, wani lokaci kuma mai lamba 9. Umarnin sarrafa su yana kan wani zaren gado da ake kira X. Mace tana da X biyu, saboda haka idan ɗaya ya sami naƙasa ɗayan yakan rufa masa asiri. Namiji kuwa X ɗaya gare shi, kuma daga uwarsa ya samo shi. Shi ya sa ciwon ya fi bayyana ga maza. Duk ɗa namijin da uwa mai ɗauke da shi ta haifa yana iya gadonsa, yana iya tsira, rabi da rabi. Uba mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma 'ya'yansa mata duka za su ɗauka.

To, jama'a, wannan bayani ya shafe mu, domin mu masu yi wa yara kaciya ne. Idan a dangin uwa an taɓa samun yaron da jininsa ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, ko wanda gaɓoɓinsa suke yawan kumbura, kada a miƙa ɗanta ga wanzami sai an auna jininsa a asibiti. Akwai allurar da take maye gurbin sinadarin da ya yi ƙaranci. Malaman fiƙihu sun yarda a jinkirta kaciya idan ana tsoron halaka, gama tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Haka kuma kada a zargi uwa, domin ba ita ta zaɓi abin da ta gada ba.

Allah Ya jiƙan Az-Zahrawi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.