Waliyyi Yohanna na Allah, Gatan Marasa Gata

Ranar 8 ga Maris Ikilisiya take tunawa da Waliyyi Yohanna na Allah. A wannan rana aka haife shi a ƙasar Fotugal a 1495, a cikinta kuma ya rasu a 1550.

Yana ɗan shekara takwas ya rabu da iyayensa, ya tashi a ƙasar Sifen yana kiwon tumaki. Ya yi soja, ya yi leburanci, daga bisani ya zauna a birnin Garanada yana sayar da littattafan addini. Ya haura shekara arba'in sa'ad da ya ji wa'azin Waliyyi Yohanna na Abila. Maganar ta girgiza shi har ya rabar da kayansa, ya bi tituna yana kuka yana birgima cikin taɓo. Yara suka yi ta jifansa, jama'a suka ce ya zautu, aka kai shi asibitin sarki.

Maganin taɓin hankali a wancan zamani shi ne mari da bulala. Yohanna ya sha duka, ya kuma ga yadda ake wulaƙanta maƙwabtansa. Da aka sallame shi sai ya ƙudura kafa gidan da za a riƙe irin waɗannan bayin Allah da mutunci.

Ba shi da ko anini. Ya riƙa yo itace yana sayarwa har ya kama hayar gida. Guragu, da kutare, da masu taɓin hankali, duk wanda ya tarar a yashe sai ya goyo shi ya kawo. Ya ba kowa gadonsa, ya raba majinyata bisa ga irin ciwonsu, da dare kuma ya ɗauki kwando ya bi gida gida yana roƙa masu abinci. Ta haka ya jawo mutanen gari cikin aikin, attajiri da talaka. A 1549 gobara ta kama asibitin nan da aka taɓa ɗaure shi, ya kutsa cikin wuta ya fid da majinyata. Ajalinsa ya zo ne bayan ya faɗa kogi lokacin sanyi domin ceton wani saurayi.

Paparoma Piyus na 5 ya amince da ƙungiyar mabiyansa a 1572, aka sa shi cikin waliyyai a 1690. Mabiyansa suna riƙe da asibitoci har a Gana, da Togo, da Benin.

'Yan'uwa, wannan labari namu ne. A Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa 'yan bindiga sun bar mana masu raunin jiki da waɗanda firgici ya hana barci. Ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disamba 2020 sun dawo, amma tabon zuciya ba ya warkewa da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware da Barnawa, sai dai mara lafiya ba ya kai kansa. Zumuntar Mata, da matasa, da katekis su san kowane gida da ake ɓoye irin wannan majinyaci. A kwance shi daga mari, a haɗa kuɗin mota a kai shi ga likita, in ya dawo a ba shi wurin zama a cikinmu ranar Lahadi.

Waliyyi Yohanna na Allah, ka yi addu'a dominmu.